Muryar Waliyyu Ɗan Kamasho

In Waliyyu ya tsaya a tashar Jega ya ce "Maiyama, saura mutum ɗaya!" sai an ji shi a Maiyamar, har tsofaffi su gyara zama. Mu taubasansa mun sha faɗa masa Allah bai ba shi kyau ba, sai ya haɗa rabonsa duka ya zuba a maƙogwaro. Da muryar nan ya ci da 'ya'ya bakwai.

Sai dai ƙwannafi ya riƙe shi shekara ashirin. Kanwar da ya jiƙa ya sha ta isa lodin raƙumi biyu. Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, matarsa Tasalla ta tasa shi gaba har babban asibiti a Sakkwato. Can aka zura masa wata doguwar roba mai fitila a kai ta baki, likita ya leƙa.

"Malam, ruwan ciki ya daɗe yana ƙona maka hanyar abinci, fatar wurin ta sake launi. Ba ciwon daji ba ne tukuna, amma hanyarsa ke nan. Duk wata shida ka dawo mu leƙa. In ya motsa, mu yanke shi yana ƙarami."

Waliyyu ya dawo da dasasshiyar murya, kwana huɗu yana kira kamar agwagwa. Wani ƙato ya tsaya a wurinsa, direbobi suka koma gunsa. Ranar ta biyar murya ta dawo, ya kori ƙaton.

Da wata shida ya cika, Tasalla ta ce, "Malam, lokacin roba ya yi."

"Ke, mi kika sani? Sau guda ta ci min kwana huɗu. In ta koma ta tafi da muryar ɗungurungum, ke za ki yi kiran?"

Ta yi kuka, ta kai ƙara wurin kawunnansa a Aliero. Ya ce musu tuwo na wucewa lafiya.

Shekara huɗu tuwo na wucewa. A ta biyar nama ya tsaya, sai tuwo, sai fura. Da ya koma asibiti, likita ya leƙa, ya zare robar, ya daɗe yana wanke hannu.

An kawo shi gida ranar kasuwa. Tasalla na ɗiga masa ruwa da cokali, rabi na dawowa. Bai kai damina ba.