Ranar Da Na Kama Bakina A Aji

A makarantarmu ta Dingaya an san ni da abu guda: idan na shiga aji, bakina ba ya hutawa sai an kaɗa ƙararrawa. In rubuta lissafi a allo, in warware abina, in juyo in ce, "Ko ba haka ba?" Yara su amsa, "Haka ne, Malam!" Wallahi har cikin raina nake jin daɗin amshin nan. Sai ranar jarrabawa, da an ɗan sauya wa tambaya riga, su zuba mata ido kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Aka tura mu bita Birnin Kudu. Mai koyar da mu wata malama ce Kirista, baƙuwa, amma Hausa ta zauna a bakinta. Ta ce, "Malamai, ku ba yaro tambaya, ku kama bakinku, ya sha fama da ita." Na ce a raina, to ni kuma in koma gadi?

Da na dawo na gwada, don kawai in tabbatar ba zai yiwu ba. Na rubuta: awaki da kaji a gida ɗaya, kawuna kaza, ƙafafu kaza, kowanne nawa ne? Na cusa goro a baki don kada bakin ya ci amanata, na zauna.

A ajin babu wanda ya taɓa biro. Can sai monita ta taso ta durƙusa. "Malam, don Allah ka yi haƙuri in laifi muka yi." A wurinsu babba ba ya yin shiru haka kawai sai da fushi. Kunya ta kama ni.

Na ce ba fushi nake ba, amsa nake jira. Suka fara ƙus-ƙus, ƙus-ƙus ya zama gardama, har suka manta ina wurin. Raina ya sosu ƙwarai. Goro ya ƙare, na koma cizon leɓe.

Monitar ce ta fito allo. Ta zana kawuna, ta ba kowanne ƙafa biyu, ragowar ƙafafun ta raba bibbiyu, duk wanda ya samu ƙari akuya ce. Hanya mai nisa, ba tawa ba, amma ta kai ta. Ta juyo da alli a hannu. "Ko ba haka ba, Malam?"

Na ƙura wa allon ido ina neman ko da ɗigo ɗaya da zan gyara. Babu. Na ce, "Haka ne."