Zayyanar da na yi a bangon coci

Sana'ata ta farko zayyana ce. Idan wani ya sauke Alƙur'ani a ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure, ni ake kawo wa allo in ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Amma zayyana ba ta riƙe gida, don haka da rani nakan noma tumatir a bakin kanal kamar kowa.

Maƙwabcina a gona wani dattijo ne Kirista, Baba nake ce masa. Mahaifinsa Bamaguje ne, har ya mutu yana yi wa iskoki yanka a gindin tsamiya. Rana ɗaya ake sako mana ruwa ni da Baba, saboda haka mun sha zama a inuwar mangwaro muna jiran ya iso kunyoyinmu.

A inuwar nan ya saba da malamina, muƙaddamin zawiyarmu, wanda yakan biyo ta gonata bayan la'asar. Hirarsu ta fara daga tsutsar tumatir, ta gangara kan Annabi Isa da Nana Maryam. Ba su taɓa yarda da juna a kan aƙida ba, ba su kuma taɓa ɗaga murya ba. Wata rana Malam ya tambaye shi, "Dattijo, idan ka rufe ido kana addu'a, me kake gani?"

"Ba na ganin komai, Malam. Ina dai jin ana saurarona."

Malam ya juya carbinsa. Sannan ya ce, "Abin da nake nema a wazifa ke nan tun ina saurayi. Wani lokaci in samu, wani lokaci ya ɓace mini."

Baba ma ya taɓa tambayar Malam makomar mahaifin nan nasa Bamaguje. Malam ya ce ba a ba shi sanin wannan ba, amma bai taɓa jin inda rahamar Allah ta tsaya ba.

A shekarun farko na dubu biyu mutanen su Baba suka yi wa cocinsu sabon yaɓe. Baba ya roƙe ni in yi musu zayyana a bangon ciki, irin wadda ya gani a alluna. Na kai wa Malam maganar. Ya ce, "Kada ka rubuta aya, kada ka zana mutum. Sauran kuwa layi ne da launi, je ka yi musu mai kyau."

Ban taɓa aikin da ya fi wannan ba. Bango ya ba ni filin da allo bai taɓa ba ni ba. Matan ƙauyen suna leƙowa ta taga, wata tsohuwa ta ce ƙulle-ƙullen sun yi kama da zanen da kakarta take yi a bayan ƙwarya.

Ba a daɗe ba rikici ya tashi a birni, aka yi asarar rayuka. Wutar ba ta iso mu ba, amma maganganu sun iso. Samarin da suka daɗe suna kiran zikirinmu bidi'a suka sami abin faɗa: ga ɗan ɗariƙa ya yi wa coci ado, da izinin malaminsa. Aka daina kawo mini allo. Zawiyar da take cika ranar Juma'a da yamma ta koma mu kaɗan, yawanci tsofaffi. Ɗana na fari, wanda yake karatu a birni, ya ce mini cikin ladabi, "Ka tuba kawai, a wuce wurin."

A cocin ma ba su bar Baba ba. Wani sabon fasto ya ce zanen na Musulmi ne, ya sa aka shafe shi da farar ƙasa. Baba da kansa ya zo gona ya gaya mini, bai iya kallon idona ba. Da damina ta kama, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi kudancin Kaduna, suka ce hankalinsu bai kwanta ba. Wani ɗan kasuwa ya sayi gonar ya zuba shinkafa.

Malam ya kwanta ciwo a shekarar da ta biyo, ɓarin jikinsa ya mutu. Na je gaishe shi, na tambaye shi ko mun yi kuskure. Da ƙyar maganar take fita. Ya ce, "Ban ga kuskure ba. Amma ban ga wanda zai ɗauki wannan hanya bayanmu ba." Ya rasu kafin azumi. Magajinsa mutumin kirki ne, sai dai ba ya son a tayar da zancen.

Labarin rasuwar Baba kuwa a bakin wani direban motar tumatir na ji shi, bayan an daɗe da binne shi. Ina tsaye ana loda kwanduna. Na yi ta tunanin wanda zan gaya wa a duk garin, wanda zai ji abin da na ji, ban samu ba. Na ƙarasa lodin, na koma gida.