Mai Darbil a Bayan Gidanmu

Jiya wani ɗan tsuntsu ya yi kuka a tagata, siririn kuka kamar ana goga allura a faranti. Nan take na ga kaina a unguwar Ruwais ta Jidda ina 'yar shekara tara, zamanin da gidajenmu na katako da kwano ne, iskar teku tana bar mana gishiri a leɓe.

Akwai tumfafiya a bayan gidanmu. In ta yi fure a ƙarshen sanyi, sai ƙananan tsuntsayen nan masu tsotsar fure su cika ta. Larabawa na ce musu tamir. Kakata ta koya mini cewa iri biyu ne. Mazan ba su da wuyar ganewa, ɗaya mai doguwar wutsiya da rawayan ciki, ɗaya mai jan ƙirji. Matan ne ke rikita mutum, duk launin ƙasa, sai ka dubi baki.

A shekarar ne wani baƙo ya fara tsayuwa a wurin da hantsi, da darbil, wato madubin hangen nesa, yana rubutu a ɗan littafi. A lokacin akwai kawuna a gidanmu, ya zo aikin hajji bai koma ba, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana aiki a gidan burodi. Unguwa ta ɗau ɗumi, ana zargin baƙon ɗan leƙen asirin hukuma ne. Mata suka daina shanya a waje.

Rana ta huɗu Kaka ta yafa mayafi, ta riƙe hannuna muka tunkare shi. Ya ce malamin makaranta ne, tsuntsaye yake kallo.

"Ɗayyib," in ji Kaka. Ta nuna tsuntsaye mata biyu a reshe. "Waɗannan iri ɗaya ne?"

Ya ɗaga darbil, ya yi murmushi. "La, ya Hajja, ba iri ɗaya ba ne. Ta sama bakinta gajere, cikinta da ɗan rawaya. Ta ƙasa bakinta dogo, a lanƙwashe."

Daidai ya faɗa. Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka magana ta ƙare. Amma muna shiga gida Kaka ta ce wa kawu, "Yalla, haɗa kayanka. Idon da ya raba waɗannan biyu ba zai kasa raba haifaffen Jidda da sabon zuwa ba."

Kafin la'asar kawu ya tafi unguwar Nuzla wurin dangi. Wata biyu ya yi a ɓoye, aikinsa ya kuɓuce. Baƙon ya ƙara kwana uku ya ɓace, kuma babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kawu ya ce an cuce shi a banza. Kaka ta ce don ya tafi ne ba a zo ba. Har suka rasu ba su daidaita ba.

Yanzu benaye sun cinye wurin. Jikokina suna da takardunsu, suna dariya in na sassauta murya don baƙo ya tsaya a ƙofa. Ni kuwa har yau ban san ko mun zalunci bawan Allah ba, ko Allah ne ya kiyaye mu.