Ba a barin filin Masta Sabo sai an gaisa

Masta Sabo ya rasu. Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina buɗe shago a Maigatari. Na Allah muke, wurinSa za mu koma.

Ga wanda bai san shi ba, tela ne a Gagarawa. Shi ya koya mana kareti a filin firamare, abin da iyayenmu ke kira wasan Canis. Ɗamarar kowa shi ya ɗinka ta da ragowar yadi, tawa ma ta fi kama da mazagin wando.

Da farko sunkuya wa juna muke yi kafin a kara. Liman ya gani, ya ce ruku'u na Allah ne Shi kaɗai, iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Masta bai yi gardama ba. Cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, an bari. Hannu za su riƙa ba juna."

Haka ta zama doka. Hannu kafin a fara, hannu bayan an gama, wanda bai gaisa ba kuma ba ya barin fili.

Ni da Ja'e ya haɗa, ɗan rugar bayan gari, a shekarar da shanunsu suka cinye wa babana riɗi. Iyayenmu ko ga maciji ba sa yi. Na shiga da niyyar rama wa babana, Ja'e ya yi ta kayar da ni a ƙasa, kuma dole in tashi in miƙa masa hannu. Haushi kamar ya kashe ni.

Da tafiya ta yi tafiya, har fura innarsa ke aiko mini. Da muka girma, mu biyun ke taya Masta koyar da yara duk Asabar.

A kakar bara shanu suka shiga gonata. Na ce nasu ne, Ja'e ya ce ba nasu ba ne. Ba mu ƙara magana ba, yaran ruga ma suka daina zuwa fili.

Ganina na ƙarshe da Masta ranar kasuwar Maigatari ne, ya zo sayen zare. Ya rame. Ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Kai da Ja'e har yanzu kuna cikin fili, ban sallame ku ba."

Na ce, "Masta, a bari a huce."

Ya ce, "Da can ma ba hucewa kuke yi ba kafin ku gaisa."

Ja'e ne ya kira ni yau da safe. Ya faɗi rasuwar. Can sai ya ce, "Ranar Asabar zan kawo yaranmu fili. Ba zan iya koyarwa ni kaɗai ba, babu wanda zan kayar."

Na ce masa mu fara haɗuwa wurin jana'iza bayan azahar. Maganar gona tana nan, ban huce ba, amma zan ba shi hannu.

Na yi rashi ba ƙarami ba. Allah Ya jiƙan Masta Sabo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya kuma roƙa mana filin nan ya cika ranar Asabar, da 'yan gari da 'yan ruga.