Ganyen da Ta Tsakiya Ba Ta Sani Ba

Kakarmu Hajja Dudu ƙosai take soyawa a ƙofar gidanmu a unguwar Briqueterie. In an yi magariba ta sauke kasko, sai mu jikokinta mu kewaye ragowar garwashin, muna gasa ayaba. Ba ta taɓa yarda da yaron da ke gyaɗa kai da yawa ba. "Wannan kan naka yana aiki," takan ce, "kunnen fa?"

Wata ranar damina ta ce, "To, ga wata tatsuniya nan ta iso, ku matso."

Wai wasu 'yan mata uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, aka tura su wurin wata tsohuwa su koyi maganin saran maciji. Kullum tare suke shiga daji. Babbar ta iya gane ganyen, ta tsakiya ta iya daka shi, ƙaramar ta san yadda ake ɗaurawa. Duk abin da tsohuwa ta tambaya, sai su amsa da baki ɗaya. Tsohuwa ta riƙa kallonsu ta gefen ido, ranta bai kwanta ba. Ta ce su zo mata ɗaya bayan ɗaya. Suka ce ai su ba sa rabuwa, suka koma gida ana ta yabonsu.

Rannan maciji ya sari ƙanensu a gona, ta tsakiya kaɗai ke tare da shi. Ta duba daji, duk ganye ya zama iri ɗaya a idonta.

Nan Hajja ta tsayar da labarin, ta dube mu. "Ku haɗa kai, ku gaya mini yadda ta yi."

Muka yi ta raɗa, ita kuma tana bin bakin kowa da kallo, tana lura da wanda ke magana da wanda ke laɓewa. Da muka gama, sai ta nuna Sa'idu, ɗan kawuna, wanda bai ce uffan ba.

"Mun ce ta goya shi zuwa gida," in ji shi.

"Ku kun ce. Kai fa, me ya sa ka yarda?"

Ya kalle mu yana neman ceto. Ta ɗaga hannu, ba wanda ya isa ya tanka. Can ya ce, a hankali, shi dai yana ganin gona ta yi nisa, kafin su isa dafin ya hau. Hajja ta ce haka aka yi: ta tsakiyar ta goya shi, kafin su isa dafin ya hau. Yaron ya rayu, amma ƙafar ta shanye, kuma 'yan matan suka tsufa kowace tana zargin 'yar'uwarta da ɓoye mata sani.

Yau ni malama ce a wata lekol, wato makarantar boko, a unguwar Ekoudou. Nakan raba yara rukuni-rukuni, domin na ga yadda suke gano abu tare fiye da in na tsaya ina ta bayani. Amma da sun ce, "Madam, mun gama," sai zuciyata ta ƙi yarda. Wa ya gama? Nakan kira ɗaya, ba tare da sun san wanda zan kira ba, in ce ya yi mini bayani da bakinsa. Wata uwa ta taɓa zuwa ta ce na tsani 'yarta. Na ce mata wata rana yarinyar za ta tsaya inda babu kowa a gefenta, kuma gara ta fara tsayawa a gabana.