Ɗigon Zuma a Yashi

A duk kwarin Do'an babu mai buɗe gwangwanin Ubaid Basurra kafin ya biya. Shekara arba'in yana kiwon ƙudan zuma a gindin magaryoyin da ya gada, in ya ce zumar magarya ce zalla, magana ta ƙare. Ba shi da gona, ba shi da mota, kalmar bakinsa ita ce duk dukiyarsa.

Wata Juma'a Karama, wani ɗan kasuwa daga birnin Mukalla mai kai zuma Jidda, ya zo saye. Ana fitowa daga masallaci, a gaban jama'a, ya tsoma tsinke ya ɗiga zumar a yashi, gwajin da ake yi wa masu algus. Ɗigon ya tsaya a dunƙule, bai nutse ba.

"Mai kyau ce, Baba," in ji Karama. "Zan kwashe duka."

Ubaid ya mayar da murfi. "To yashin ya sayar maka."

Shekara tara Karama na aike yana ninka farashi, Ubaid na sayar wa wasu da araha. Matarsa Barka ta yi mita har ta gaji. "Bangon ɗaki na tsagewa, kai kana nan kana kiwon fushi kamar akuya." Shi ko a jikinsa. Mutum ne mai riƙo, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Sai aka yi fari, magarya ta ƙi fure. Don kada ƙudan su mutu ya riƙa ba su ruwan sukari, abin da suka tara kuwa ya jibge a ɗaki ya hana kowa. A shekarar ne Karama ya zo da ƙafarsa. Ya riga ya yi wa manyan masu sayensa alkawari, ga zuma ta yi wuya.

"Baba, ƙuruciya ce, ka yafe mini. Wannan ta magarya ce?"

Ubaid ya daɗe yana jiran wannan rana. Da hannunsa ya miƙa masa tsinke. "Ga yashi nan, ɗana. Gwada."

Karama ya sunkuyar da kai. "Haba Baba, kar ka ƙara ba ni kunya."

Ya biya, ya loda gwangwani talatin. Bayan wata biyu labari ya iso cewa mutanen Jidda sun gano zumar sukari ce, sun dawo wa Karama da kayan, ko cokali ɗaya babu mai ƙara saye a hannunsa. Ubaid ya ji daɗi har cikin ransa, ya sa aka yanka ɗan akuya. "Ƙarya na yi masa? Cewa na yi ya gwada."

Da magarya ta sake fure, maƙwabcinsa Faraj ya zo, mutumin da ya shekara talatin yana saye a wurinsa ido rufe. Suka gaisa, suka sha gahawa. Sannan Faraj ya zaro tsinke daga aljihu, ya kasa haɗa ido da shi, ya ce, "Buɗe mini gwangwanin, Ubaid."