Boksina ta faɗi gwajin hayaƙi a Sinja

"Taka mai sosai," in ji mai duba motoci a Sinja. Na taka. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe har mai shayin bakin ƙofa ta rufe kofunanta. Ni kuwa sai murmushi nake, don mu da muka tashi bayan tarakta, hayaƙi alamar ƙarfin inji ne. Abin da ya sa na sayo boksin nan, motar a-kori-kura, daga Damazin ke nan.

Mai duban ya ce takardar gwajin da na zo da ita daga can ba ta aiki a nan, babu lamba sai an gyara. Ga riɗina a gona yana jiran ɗauka.

Ina fitowa wani dillali ya tare ni: "Ya zol, bawan Allah, ari injektocin man motar wani na yini ɗaya, ka wuce, ka mayar. Kowa haka yake yi."

Na ce, "Ɗiyana ukku a baya suke zama. Huhun wa zan aro musu?"

Ya ce taurin kai zai ci ni. To, ya ci! Motar tana garejin makanike, riɗin ya jira.

Wanda ya ga wautata, ya faɗa min nan ƙasa.